Wace Bindiga ce ta Dace da Barewar Amurka?



Sharhinmu na yau zai kai mu yammacin Amurka, jihar Wayomin da maƙwabtanta irin su Montana da Kolorado, inda a watannin Satumba da Oktoba ake farautar wata dabba da suke kira pronghorn. Mu ce da ita barewar Amurka don sauƙin zance, ko da yake masana sun tabbatar ba dangin barewa ba ce. A cikin dabbobin da ke raye yau, raƙumin dawa ma ya fi kusa da ita. Duk shekara, tun kafin a buɗe farauta, musu ɗaya ne ke tashi a shagunan bindiga da mujallun maharba: wane irin harsashi ya dace da ita? Bari in faɗi ra'ayina tun da wuri. Yawancin masu wannan musu sun bar jaki suna dukan taiki, kuma a jikin dabbar abin yake ƙarewa.

Sai mun san dabbar kafin mu zo kan bindiga. Namijin da ya ƙasaita nauyinsa tsakanin kilo 40 ne zuwa 65, wato ragon layya mai kyau. Macen ba ta kai haka ba. Fatarta ba ta da kauri, ƙasusuwanta sirara ne, haƙarƙarinta ba ya tare harsashi. In kashe ta kaɗai ake magana, babu wata wahala.

Wahalar tana wajen kusantar ta. Ƙasar da take zaune fili ne fetal, tudu mai nisa daga teku, babu bishiya, babu duhuwa, sai wani gajeren tsiro mai ƙamshi dangin tazargade, wanda da ƙyar yake wuce gwiwa, shi ne kuma abincinta in sanyi ya shigo. Idanunta manya ne, a can gefen kai suke, suna ɗan fitowa waje, har tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba tare da ta waiwaya ba. Tana hango motsin mutum tun yana can nesa, shi bai ma san da ita ba. In ɗaya ta tsorata sai ta tayar da farin gashin ƙugunta, ya yi fari fat cikin rana, sauran garken su gani daga nesa, kowa ya kama gabansa. Gudunta yana kaiwa kilomita 88 a awa. Ba a yi dabbar da ta kai ta gudu a nahiyar Amurka ba, kuma ba ta saurin gajiya, domin Allah ya ba ta maƙogwaro mai faɗi da zuciya da huhu manya in aka gwada da jikinta. Ku riƙe wannan, domin ma'anarsa ita ce barewar da aka karya wa ƙafa ɗaya tana iya yin tafiyar kilomitoci da ƙafa uku, maharbi na kallo ba yadda zai yi.

Wurin da ake so harsashi ya shiga, wato huhu da zuciya, bayan allon kafaɗa kaɗan, faɗinsa bai wuce santimita 20 ba, taƙi guda ke nan. Sau da yawa kuma daga yadi 200 zuwa 300 ake harbin. Ga tambayar a taƙaice: me zai sa ɗan ƙarfe ya faɗa cikin taƙi guda daga wannan nisa, a ƙasar da iska ba ta hutawa?

Lambobin da za ku ji ina ambatawa, irin su .243 da .270, galibi suna nuna kaurin harsashi ne a ma'aunin inci, sai kuma sunan kamfanin da ya fito da shi. To ku ji abin mamaki. Kaurin harsashin .243 milimita 6.2 ne, na .270 kuwa milimita 7. Duk wannan musu da ake ta kai ruwa rana a kansa, tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ba ta kai milimita ɗaya ba. Bambancin gaske yana cikin yawan albarushin da kwanso ke ɗauka, da nauyin harsashin, da siffarsa.

Doka ta riga ta yanke mafi ƙanƙanta. A Wayomin an yarda a harbi wannan barewa da harsashi mai kaurin .22, matuƙar nauyinsa ya kai giren 60, kusan giram 4 ke nan, kuma tsawonsa haɗe da kwanso ya kai inci 2. Kolorado ta fi tsanantawa, ita sai .24 zuwa sama, da nauyin giren 70 aƙalla. Ni dai ina ganin Kolorado ta fi dacewa da halin yawancin mutane. Ƙwararre zai iya aiki mai tsabta da .22, amma doka ba don ƙwararru kaɗai ake yin ta ba.

Daga nan sai .243 Winchester, wanda ya shigo kasuwa a 1955. Kwanson .308 aka matse wa wuya ya karɓi siririn harsashi. Yana fitar da mai nauyin giren 100, giram 6 da rabi, da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, kuma naushinsa a kafaɗa kaɗan ne. Da shi iyaye da yawa ke fara koya wa 'ya'yansu farauta, abin da ya sa wasu manya ke raina shi, suna ce masa bindigar yara. Rainin bai da tushe. Zuwa yadi 300, barewar da .243 ya shiga huhunta ba ta zuwa ko'ina.

Sama da shi akwai .25-06 Remington. Masu haɗa harsashi da hannu sun fara yin sa tun wajejen 1920, ta hanyar matse kwanson .30-06 na sojan Amurka, amma sai a 1969 kamfanin Remington ya karɓe shi a hukumance. In ka tambayi tsofaffin maharban filayen yamma wanne ne aka yi domin wannan barewa, da yawa shi za su ambata. Yana tafiya a miƙe, yana da ɗan nauyi fiye da .243, kuma ba ya wahalar da kafaɗa. Shi kuwa .270 Winchester na 1925, wanda marubucin nan Jack O'Connor ya shafe shekaru yana yabawa a mujallar Outdoor Life, yana jefa giren 130 da gudun kusan mita 930 a daƙiƙa. Ya fi ƙarfin abin da barewa ke bukata, amma ba abin zargi a kansa, kuma duk ƙauyen da ka shiga a yammacin Amurka za ka samu harsashinsa a kanti. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda jakarsa ta ɓace a filin jirgi.

Akwai kuma .257 Weatherby Magnum, wanda Roy Weatherby ya ƙirƙira a 1944, aka kuma san shi ne ya fi ƙauna cikin duk abin da ya yi. Gudunsa ya haura mita 1,000 a daƙiƙa. A zamanin da aka yi shi, wannan gudu yana da dalili mai ƙarfi, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya.

A da, babbar matsalar maharbi a fili ita ce ƙiyasin nisa. Babu bishiya, babu gida, babu abin da ido zai gwada da shi. Dabbar kuma ƙarama ce mai haske, ga ƙawalwalniya tana rawa a kan ƙasa. Mutum zai rantse yadi 250 ne, ashe 350 ne. Harsashi kuwa tun daga bakin bindiga yake fara faɗuwa. In an saita bindiga a yadi 200, yawancin waɗannan harsasai za su sauka ƙasa da inda aka auna da santimita 17 zuwa 20 a yadi 300, a yadi 400 kuwa sun haura rabin mita. Don haka duk harsashin da ya fi gudu, ya fi tafiya a miƙe, ya fi rufa wa mai kuskuren ƙiyasi asiri. Shi ya sa aka yi ta tseren gudu shekara da shekaru.

Sai ga na'urar auna nisa mai aiki da hasken leza ta shigo hannun maharba a shekarun 1990. Ka danna, ta faɗa maka yadi 327. Faɗuwar harsashi kuwa lissafi ne da ba ya canzawa sosai, ana rubuta shi a takarda a manna a gindin bindiga, ko a murɗa madubin saiti daidai da shi. Daga ranar nan fifikon harsasai masu tsananin gudu ya ragu ƙwarai, abin da ya rage musu shi ne tsada, da ƙara mai kashe kunne, da saurin cinye bututun bindiga.

Wannan sauyi ne ya buɗe wa 6.5 Creedmoor hanya. Kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007 domin masu gasar harbin allo, ba domin farauta ba. Ba shi da gudu sosai, kusan mita 820 a daƙiƙa da harsashin giren 140. Sirrinsa yana cikin bututu. A cikin kowace irin wannan bindiga akwai tsagi a murɗe da ke sa harsashi ya riƙa juyawa don kada ya wuntsila. A 6.5 Creedmoor murɗin yana cika zagaye ɗaya a cikin inci 8, a yawancin .243 da .25-06 na da kuwa sai inci 10. Murɗi mai tsauri shi ke iya riƙe dogon harsashi siriri, shi kuma dogon harsashi ya fi ratsa iska ba tare da ya yi saurin rasa gudunsa ba. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin Suwidin da Norwe sun yi irinta tun 1894 da harsashinsu 6.5x55. Abin da Hornady ya yi shi ne ya sa ta cikin gajeren kwanso, ya kuma sayar da harsasai masu kyau a farashin da mutane za su iya.

To, yanzu mun zo kan iska, kuma a ganina ita ce alƙalin wannan shari'a. Wayomin na cikin jihohin da suka fi iska a Amurka. A babbar hanyar da ta ratsa kudancinta, iska kan kifar da manyan motoci, har hukuma ta riƙa rufe hanyar ga masu tirela marasa nauyi. Nisa akwai na'urar auna shi. Iska kuwa, abin da za ka iya aunawa shi ne wadda ke kaɗawa inda kake kwance. Wadda ke cikin kwarin da ke tsakaninka da dabbar, da wadda ke can inda take tsaye, sai dai ka karanta daga kwanciyar ciyawa da karkatar ƙawalwalniya.

Ku saurari lissafin da kyau. Iska mai gudun kilomita 16 a awa, tana bugowa daga gefe, wadda a can ba a ma ɗauke ta iska ba, za ta ture harsashi da santimita 6 zuwa 8 a yadi 200. A yadi 400, abin ba ninki biyu yake ba, kusan ninki huɗu ne. Harsashin .243 na yau da kullum zai kauce da wajen santimita 34, na 6.5 Creedmoor mai kyau da wajen 24. Masu son Creedmoor sukan ɗaga wannan lamba su ce kun gani. Na gani, kuma gaskiya ne ya fi. Amma mu koma kan taƙin nan guda. In ka auna tsakiyarsa, santimita 10 kawai gare ka dama da hagu. A yadi 400, mai .243 zai fita daga ciki in ya kuskure ƙiyasin iska da kilomita 5 a awa. Mai Creedmoor zai fita in ya kuskure da kilomita 7. Rarar da harsashi mafi kyau ya ba shi ke nan, kilomita 2 a awa, a ƙasar da iska ke tashi daga 15 zuwa 30 kafin ka gama jan numfashi. Kuma harsashin da ya kauce baya da taƙi ɗaya ba ƙasa yake bugawa ba, tumbi yake fasawa.

Ƙari a kan haka, kafin harsashi ya ci yadi 400 ya ɗauki kusan rabin daƙiƙa. Barewar da ke kiwo tana iya yin taku ɗaya a cikin wannan lokaci. Babu kamfanin da ya taɓa ƙera maganin wannan taku.

Shi ya sa nake jin zafi in na ga ana tallar farautar wannan dabba daga yadi 700 ko 800, ana nuna bidiyon faɗuwarta ana tafi. Wadda aka harba ta faɗi ita ake nunawa. Wadda ta tafi da hanji a waje, ta kwana biyu kafin ta mutu a wani kwari, ba mai ɗaukar hotonta. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt da George Bird Grinnell suka kafa a 1887, ta fito fili ta nuna damuwa da wannan ɗabi'a, tana ganin in burin mutum ya koma gwada iyakar nisan da zai iya harbi, to ya bar farauta ya koma wani abu dabam. Ina tare da su. Daɗin farautar barewar Amurka da darajarta suna cikin rarrafe ne: ka bi bayan tudu, ka shiga busasshen rafi, ka ja ciki a cikin ƙaya, iska na bugun fuskarka don kada ta ji ƙanshinka, har ka rage yadi 600 su koma 250. Ƙasar da ido ke gani a shimfiɗe tana cike da ƙananan kwaruruka ga mai haƙuri.

A garin Lander na Wayomin, tun 1940 ake yin wata gasar farautar wannan barewa wadda kowane maharbi harsashi ɗaya tak ake ƙirga masa. Mutumin da ya san ba shi da na biyu, ba sai an roƙe shi ya matsa kusa ba.

Kada a manta kuma cewa dabbar nan saura ƙiris ta ƙare. Kafin Turawa su mamaye yammacin Amurka an ƙiyasta yawanta da miliyoyi masu yawa. Zuwa farkon shekarun 1920, harbin kasuwa da shingen waya sun sa waɗanda suka rage a ƙasar ba su kai 30,000 ba. Hana farauta na wasu shekaru, da keɓe wurare irin su Hart Mountain a jihar Oregon a 1936, da dokar Pittman-Robertson ta 1937 da ta karkatar da harajin bindiga da harsashi zuwa kula da namun daji, su suka dawo da ita, yau ta haura rabin miliyan. Duk da haka, tsananin sanyin 2022 zuwa 2023 haɗe da ciwon huhu sun kashe garke mai yawa a Wayomin, har hukumar namun daji ta jihar ta rage lasisin da take bayarwa. Lasisin nan ƙidaye yake, galibi da ƙuri'a ake samunsa. Duk wadda aka raunata ta ɓace, asara ce da ba ta shiga lissafin kowa.

Sai maganar manyan bindigogi, irin su .300 Winchester Magnum na 1963. An yi su ne domin dabbobi irin elk, wanda namijinsa kan haura kilo 300. A bindigogi masu nauyi ɗaya, naushin .270 ya kusa ninka na .243 sau biyu, na .300 kuwa ya kai kusan sau uku. Illar naushi ba ciwon kafaɗa ba ce kawai. Jiki yana koyon tsoro. Mutumin da bindigarsa ta saba dukansa, ba tare da ya sani ba zai riƙa runtse ido yana fizgar kunama kafin harbi ya tashi, kuma motsin milimita ɗaya a bakin bindiga ya isa ya kai harsashi wajen taƙin nan tun kafin yadi 200. Mai irin wannan bindiga kuma ba ya yawan atisaye, saboda zafi da tsada. Amma in yi adalci: wanda ke da .30-06 guda ɗaya da ya saba da ita shekara da shekaru, yana harbin elk da ita, ya san halinta, kada wani ya ruɗe shi ya sayi sabuwa. Ya sa mata harsashi mai giren 150 ya tafi abinsa.

Irin harsashin da aka zuba ya fi lambar da ke jikin bindiga tasiri, amma ba a cika zancensa ba. A .243 akwai marasa nauyi, giren 55 zuwa 75, waɗanda yawancinsu an yi su ne su tarwatse a jikin ƙananan dabbobi. In suka bugi kafaɗar barewa sai su fashe a waje, su bar mummunan rauni mara zurfi. A ɗaya gefen akwai masu tauri da aka yi domin manyan namun daji, waɗanda in gudunsu ya ragu sukan huda siririn jikinta su wuce ba su buɗe ba. Na tsakiya ake so, wanda ke buɗewa da wuri amma ya riƙe kansa. Ga kuma nama: abin da ake samu daga namiji guda bayan an cire ƙashi bai cika kai kilo 20 ba. Harsashi mai tsananin gudu in ya bugi kafaɗa daga kusa, sai ya dagargaza ƙafafun gaba biyu, jini ya kwanta, a zubar. Ga Musulmin da ya samu kansa a can da lasisi a hannu, malamai da dama sun halatta naman da aka harba da bindiga in an ambaci sunan Allah lokacin harbi kuma harsashin ya huda, in an tarar da sauran rai a yanka. Addinin da ya ba da wannan izini shi ne ya hana azabtar da dabba da ɓarnar abinci.

Akwai kuma batun dalma. Harsashin dalma yana barin ɓurɓushi a cikin kayan cikin da ake zubarwa a daji, gaggafa da sauran tsuntsaye masu cin mushe su ci su kamu da guba. Saboda haka Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma a duk faɗin jihar tun Yulin 2019. Na jan ƙarfe zalla suna aiki sosai a kan barewa, sai dai suna bukatar gudu kafin su buɗe. Wanda ya zaɓe su gara ya ɗauki mara nauyi mai sauri, ya kuma rage nisan harbinsa.

In aka ce lallai in zaɓa, ga wanda zai sayi bindigarsa ta farko domin wannan farauta zan ce 6.5 Creedmoor, saboda sauƙin naushi, da arhar harsashi, da ɗan rangwamen da yake samu a iska. Ga yaro ko mai ƙaramin jiki, .243 da harsashi mai giren 90 zuwa 100. Wanda ya gaji .25-06 ko .270 daga mahaifinsa ya riga ya gama sayayya. Kuɗin da ya rage a sa shi a madubin hangen nesa mai kyau, da na'urar auna nisa, da abin ɗora bindiga mai ƙafa biyu wanda ya fi tsayin ciyawa, da harsasai masu yawa na atisaye.

Atisayen kuma ba a kan teburin filin harbi ba. A yanka kwali mai faɗin santimita 20, a kafa shi a yadi 200, a fita ranar da ake iska. Mutum ya yi ɗan gudu har numfashinsa ya hau, ya kwanta a ƙasa, ya ɗora bindiga a kan jakarsa, ya yi harbi ɗaya da bututu mai sanyi. In yana samu kowane lokaci, ya ƙara yadi 50. Nisan da ya fara kuskure a kai, sai ya koma baya da mataki ɗaya, ya rubuta lambar ya manna a gindin bindigar kusa da lissafin faɗuwar harsashi. Maharba da yawa da suka yi wannan gwaji tsakaninsu da Allah sukan tarar lambar tasu ba ta kai 300 ba.